Kujerata Ta Shiga Sakandare

Jama'a, yau maigadin sakandaren unguwarmu ya koro ni, ni da na goyi uwarsa. Laifina kawai na je karɓo kujerata. Ku tsaya ku ji.

Kwanakin baya Mai Girma Sarkin Ƙidaya, Allah ya ƙara masa sanyin mota, ya zo ƙirga ɗalibai. Bai iso ba sai da aka tashi yara. Manya ba sa maimaita tafiya, sai ya ce a ƙirga kujeru, kowace kujera ɗalibi guda. Matar masinja ce ta tsegunta min, ni kuwa kun san ba na yawo da zance.

"Ranka ya daɗe, rabin yaran a ƙasa suke zama," in ji shugaban makaranta.

"Ba a aiko ni ƙirga ƙasa ba."

"To maza da mata fa?"

"Masu karyayyar ƙafa maza ne."

Kai, ilimi daɗi! Nan take aka ce yara sun yi kaɗan, za a rufe makarantar a kwashe su can bayan babban titi, inda manyan motoci ke gudu kamar an biyo su. Jikata Auta, wadda ko ɗan lungu ba ta tsallakawa sai ta rufe ido, ita za ta keta wannan titin kullum?

Da aka ce zai dawo ya tabbatar, na bi gida-gida ina aron kujerun da za mu cika makarantar da su. Tela ya ba da bencinsa. Mai aski ya ce, "Iya, in na ba da tawa, a ina zan yi aski?" Na ce, "A tsaye, ɗan nan, kawunan unguwar nan ba su da nauyi." Ni ma na kai tawa ta roba.

Ya sake makara, Allah ya yi masa albarka. Ya ƙirga, ya ce makaranta ta cika maƙil, mata har sun fi maza yawa, ya yaba da ci gaba. Ba za a rufe ba, Auta ta tsira! Sai ya sa aka shafa wa kowace kujera lambar gwamnati, ya kuma soke sababbin da aka yi mana alkawari, tunda ga su nan birjik.

Shi ne maigadi yake ce min, "Iya, ba a fita da ɗaliba lokacin darasi."

Na ji ƙishin-ƙishin wai malamai zai ƙirga nan gaba, ta baburansu. Mai gyaran babur, ka fara guga riga, ina jin kai ne sabon shugaban makaranta.