Rasuwar Hajjo, Kamarar da Aka Sa Ta Yi Ƙarya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na rasa wanda zan sauke wa, ni Hashim na Tasawa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kamarata, wadda yaran unguwa suka raɗa wa suna Hajjo. Ta cika ranar kasuwar Mayahi, a hannuna, da kaset a cikinta.

Marigayiya ta zo gidana da tsufanta, daga wani mai ɗaukar biki da ya gaji da ita. Ba wanda ya koya mini aikinta, ita ta koya mini kanta, maɓalli bayan maɓalli. Ta ɗauki suna da walima, ta ɗauki haƙar rijiya a Kanan Bakashe, ta sha jijjigar amalanke a hanyar Maijirgi ba ta yi ƙorafi ba. In ta haɗiye kaset sai ta ce ƙyarrr, ƙwas, kamar tsohuwa mai gyaran murya. Hotonta matsattse ne, huɗu bisa uku, ba shi da kaifi. Amma abin da ta gani shi take faɗi.

Ciwon ajalinta ya faro ne sa'ad da gidan tele da nake aika wa rahoto ya koma HD, wanda ma'aikatansu ke kira ash-de. Suka ce hoton yanzu mai faɗi ne, sha shida bisa tara. Na tambaya wace irin kamara zan nema. Na farko ya ce mai hoton layi ɗari bakwai da ashirin ta isa. Na biyu ya ce sai dubu da tamanin. Na uku ya ce dubu da tamanin ɗin ma iri biyu ce, kuma in kiyayi mai gudun sittin, don wutarmu hamsin ce, fitila za ta riƙa ƙyafta ido a cikin hoto. Na koma gida da amsa uku da tsohuwar kamara ɗaya.

Ana cikin haka rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare. Abdulhakim, wani makiyayi a ƙasar Mayahi, ya yarda in ɗauki garkensa. Ba ƙaramin abu ba ne makiyayi ya nuna wa duniya ramar shanunsa. Ya yarda ne don masu kawo dusa su gani, su tausaya. Hajjo ta ɗauki jar saniyarsa, haƙarƙari duk a waje. Gidan tele suka karɓa. Sai dai hoton bai cika faffaɗan allonsu ba, kuma maimakon a bar baƙi gefe da gefe, wani ya ja shi ya cike gurbin. Ramammiyar saniya ta fito da ƙiba kamar wadda aka turke don layya. Abdulhakim kansa har kumatu ya yi.

Ya tare ni a tsakiyar kasuwa ya ce, "Malam Hashim, saniyar wa ka nuna? In tawa ce, maido mini ita haka, na yafe maka hoton." Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ban ce saboda hoton ne motar dusa ba ta biyo ta rugarsu ba. Ban kuma iya rantsuwa cewa ba saboda shi ba ne.

Na ciro Hajjo don in nuna masa hoton na asali a ƙaramin allonta, a gaban kowa. Na danna. Ta ce ƙyarrr. Ba ta ce ƙwas ba. Ta tauna kaset ɗin, ta yi shiru.

Tun ranar nake tambayar kaina, wa ya yi ƙarya? Kamara gaskiya ta gani. Wanda ya ja hoton bai ƙara wa saniya ko tsoka ɗaya ba, baƙin gefe kawai ya ƙi. Ni kuma abin da na ɗauka na aika. To, in ba wanda ya yi ƙarya, daga ina ƙibar ta fito?

Marigayiya ta bar batir biyu, ɗaya ba ya riƙe caji, da sandar tsayuwa mai ƙafa uku, guda a ɗaure da roba, da kwali cike da marayun kaset waɗanda ita kaɗai ke iya karanta su. Ba ta bar magajiya ba, don har yau masana ba su daidaita a kan lamba ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Muzammil mai gyaran rediyo zai yi mata wanka da burushi, ya buɗe cikinta ya zaro kaset ɗin. Ya ce mini, "Baba, ko ya fito da rai, a ina za ka kunna shi?" Na tambayi liman batun salla, kallon da ya yi mini ya wadatar. Za a rufe ta a jakarta, a tura ƙarƙashin gado. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana bayan la'asar. Duk mai zuwa da shawarar lamba ya bar ta a waje tare da takalmansa.

An keɓe wa Abdulhakim tabarma, in zai zo. Jar saniyar ba za ta halarta ba. Ta bi Hajjo a makon. Yunwa ta kashe ta, da ƙibarta a tele.