Jar Darar Koci Gagare

Idan ana zancen mutanen da Allah Ya hore wa sanin ruwa a ƙasar Batsari da Safana, wajibi ne a fara da Malam Gagare, a ɗan numfasa, kafin a ambaci wani. Kifin Tudu ke nan, mai koyar da iyo ƙafarsa cikin takalmi. Tun da aka haife shi ruwa bai taɓa wuce masa ƙauri ba, in ka cire na bokiti. Wannan kuwa bai rage masa komai ba, sai ma ƙara masa kwarjini da ya yi, don babu wanda zai ce ya taɓa ganin ya nutse.

Ilimin a Kaduna ya samo shi. Wata shekara aka tura shi taron bita kan rabon takin zamani, aka sauke shi a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin iyo na otal. Sauran mahalarta suka dawo da takardar shaida, shi ya dawo da usur a wuya, ya ce daga yau a kira shi Koci. Fannin da ya zaɓa iyon rigingine ne, na mita ɗari biyu, don a cewarsa iyon ruf da ciki ko kwaɗo ya iya.

Ɗalibansa uku ne, Haliru da Nafi'u da Abdulhakim, samari majiya ƙarfi da suka girma suna tsallakar da shanu a rafi. Filin atisaye kuwa tafkin bayan garin Zakka ne, inda garke ke shan ruwa. Nan Koci kan tsaya a bakin gaɓa cikin babbar riga da jar dara, yana zuba hikima.

"Mita ɗari biyu ba ta garaje ba ce. Kamar tafiya Wagini ce a babur, wanda ya ƙone mansa a farkon hanya turawa zai yi a ƙarshe. Ku adana numfashi. Cibiya sama, haɓa sama, hannu ya goge kunne. Haka muke yi a Kaduna."

Matsala ɗaya ce. Mai iyon rigingine ba ya ganin gabansa, inda ya baro yake kallo. A wurin iyo na birni akwai igiyoyi da ke tsare wa kowa layinsa, tafkin Zakka kuwa sai kainuwa. Samari suka yi ta karkacewa, wannan ya yi gabas, wancan ya doshi ciyawa. Koci ya yi tunani mai zurfi, ya gano cewa a duk faɗin wurin babu abin da ya cancanci a zuba masa ido kamar shi.

"Darata ita ce alamarku. Ku saita ta tsakanin ƙafafunku, kada idonku ya bar ta ko da sama za ta faɗo. Na san bai dace yaro ya miƙe wa babba ƙafa ba, amma saboda ci gaban wasanni na yafe muku."

Dabarar ta yi aiki, abin da ya ba kowa mamaki ban da mai ita. Suka riƙa tafiya miƙe kamar an ja zare.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a turo jami'i daga Katsina, Malam Muntaka, ya zaɓi 'yan iyo da kocin da zai raka su gasa. Gagare bai jira zaɓe ba. Ya bi majalisun Batsari yana sallama, yana tambayar wa ke da saƙo birni. Har tela ya sa ya rubuta masa KOCI a bayan riga.

Ranar gwaji jama'a suka cika gaɓa tun da hantsi, baƙo bai iso ba. Koci ya ce a fara, don baƙon ya tarar da su cikin aiki. Ya busa usur, samari suka tashi kamar kibiya, idonsu a kan dara. Sun kusa tsakiyar tafki sai ga farar mota ta tsaya can gefen kudu.

To, mutum irin Gagare ba ya ganin babban baƙo ya tsaya ƙiƙam kamar marar tarbiyya. Ya tattare riga ya bi gaɓa da sassarfa, yana ɗaga hannu tun daga nesa. Samari kuwa sun riƙe umarni. Dara ta yi kudu, ƙafafu suka bi ta, kawuna suka juya arewa, wajen mashayar shanu. Da Koci ya isa wajen baƙo ya durƙusa har ƙasa, dara ta ɓace a bayan mota.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya iyali, yaya manyan gari?"

Bai kai ga tambayar ofis ba aka ji kukan shanu. Haliru ya buga ƙeya a tumbin wani bijimi, Nafi'u ya kafe a taɓo yana ci gaba da wulwula hannu, Abdulhakim kuwa yana ta zagaye wuri ɗaya yana neman jan abu a sararin Allah. Wata dattijuwa mai garken ta ɗaga sanda tana tambayar wa ya aiko su.

Koci ya miƙe ya gyara murya. "Sabon salo ne, ranka ya daɗe. Lanƙwasa muke kiransa."

Malam Muntaka mutum ne mai kawaici. Ya tambayi samarin abin da ya faru, suka gaya masa. Sai ya ce, "Malam, ara mini darar nan." Ya sa aka kafa wani busasshen reshe a bakin ruwa, ya ɗora masa ita, ya ce a sake. Suka tafi sak, babu wanda ya kauce ko taku ɗaya.

Da la'asar mota ta kama hanyar Katsina da samari uku. Kafin ta tashi Gagare ya leƙa ta taga, ya tambaya a hankali ko ina kujerar koci.

"Ai mun ga aikin koci, Malam, kuma ya yi kyau," in ji Malam Muntaka. "Sai dai ba sai mun ɗauke shi daga nan ba. Akwai itace a Katsina."