Mai Jitar Japan a Wurin Ɗaurin Aure

Ko zan manta lambar wayata, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sadiƙu ba. Amma ku fara sani cewa duk faɗin Ƙofar Na'isa babu mai kunnen kiɗa irin nawa. Ni na faɗa, kuma ni na shaidi kaina.

Asalin abin, wata mota na saya da aka kawo daga Japan, na tarar da faifai maƙale a cikinta. Ina kunnawa na ji jita tana kuka kamar an taka wa kyanwa dubu wutsiya. Wani abokina mai bincike a waya ya ce ai shahararren makaɗi ne a can, da yana cikin ƙungiya, daga baya ya koma yana fitar da waƙoƙinsa shi kaɗai. Shi ke nan, na zama malamin fanni. A majalisa ina fassara waƙoƙin baiti-baiti (ni da ko "sannu" ban sani ba da Japananci). Na zuba su a waya, kowane mai kirana da tasa. Wadda ta fi kowacce ihu na sa wa Hajiya, matata.

Sadiƙu ɗan yayana ne, ni aka naɗa wakilinsa. Yaya bai so ba. Sau uku yana ja min kunne cewa dangin yarinyar Barebari ne na Ƙofar Mazugal, gidan Alƙur'ani, kakanta Baba Goni ko murmushi sai ya auna, don haka in bar barkwancina a gida kada in zubar mana da mutunci. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ranar ko liman sai ya koyi natsuwa a wurina.

Na sha babbar riga mai sitaci, 'yar ciki, ga hula na kafa. Waya kuwa na jefa ta aljihun wando, can ƙasan duniya.

Masallaci ya cika, ya yi tsit. Na nemi aure da wata murya da ban san ina da ita ba. Baba Goni ya ce ya bayar. Saura kalma biyu kacal, in ce "Na karɓa." Na buɗe baki, sai mutumin Japan ya riga ni.

Jama'a, jitar nan ta tsage masallaci, ga lasifika a gaban bakina tana kai saƙo har titi. Na cusa hannu, na dama ya ɓace a riga, na hagu ya faɗa aljihun goro. Na miƙe, na zauna, na naɗe riga a kafaɗa ta zubo. Ta katse, na ce alhamdulillahi, ta sake ɗauka. Hajiya ce, mata sun taru a gida suna jiran a ce an ɗaura su rangaɗa guɗa. Sau huɗu ta kira (mace mai haƙuri, in ji ta). Yaya ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a darduma.

A cikin kiɗan na karɓi auren, da ƙarfi, sai da liman ya sa na maimaita don shaidu ba su ji ba.

Darasin da na koya shi ne a kashe waya kafin a sa babbar riga. Wanda ban koya ba shi ne yin shiru. Bayan addu'a na durƙusa gaban Baba Goni, wai zan gyara ɓarna. Na ce ya gafarce ni, amma wannan ba ƙaramin makaɗi ba ne a ƙasarsu, da su biyar ne, yanzu shi kaɗai yake abinsa.

Tsohon ya ja carbi, ya dube ni da tausayi.

"Allah Sarki. Ai na ji dalilin da ya sa sauran suka gudu, Alhaji. Kai ne dai ka tsaya."