Batir Ya Mutu A Gaban Suruki

Wani bawan Allah ne, irin mutanen nan da ba a taɓa tambayarsu abu suka ce ba su sani ba. Wata uku ke nan da ya sayi mota, kuma tun daga ranar ya zama injiniya. Makulli ba ya shiga aljihu, a yatsa yake wuni yana juyi.

Surukinsa, mahaifin matarsa, tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan titi kafin yanar ido ta rufe masa gani. Wata huɗu yana jiran ganin likitan ido. Aka ba shi ƙarfe tara na safiyar wata Talata, aka ce wanda ya makara sai ya sake bin layi. Gogan naku ya bugi ƙirji ya ce kada wanda ya nemi motar haya, shi zai kai Baba da kansa.

Ƙarfe takwas aka zaunar da tsoho a kujerar baya. Gogan ya shiga, ya gyara madubi, ya gyara zama, ya murɗa makulli. Mota ta ce ƙyat-ƙyat-ƙyat, ta yi shiru. Ashe tun jiya ya bar fitila a kunne.

"Batir ne," in ji tsoho.

"A'a Baba, motocin zamani haka suke, sai sun ɗan yi tunani."

"To. Allah ya sa ta gama tunanin kafin tara."

Ya sake murɗawa, ko ƙyat ɗin ma ta daina. Matar ta leƙo ta taga ta ce, "Baban yara, ka bari Baba ya gaya maka yadda ake yi mana."

Ya harare ta. "Baba ya huta. Irin nasu na da ne, wannan kwamfuta gare ta."

Sai ya zagaya bayan gida inda ba mai jinsa, ya kira bakanikensa. Bakanike yana kwance ƙarƙashin wata mota, ana ta buge-buge a gareji, da ƙyar suke jin juna.

"Yallaɓai, batirinka ne ya mutu."

"Inna lillahi! Jiya fa lafiyarsa ƙalau, ko tari bai yi ba."

"Ba komai, jona shi za a yi da na wata motar. Kana da waya?"

"Kai wane irin mutum ne? Da me nake maka magana?"

"Ba wannan ba, yallaɓai! Wayar jona batir, mai baki kamar na kada, ɗaya ja ɗaya baƙi."

Maƙwabcinsa malamin makaranta ne, ya fito ke nan da jakarsa zai tafi aiki. Aka yi sa'a yana da irin wayar a but ɗin motarsa, tun da ya saye ta bai taɓa warware ta ba. Gogan ya karɓa, ya sake zagayawa bayan gida ya kira bakanike.

"Na samu waya, ga mota ta zo. Me zan fara yi?"

"Ja! Ja za ka fara, ka kama shi da kyau a..." Sai layi ya katse.

"Ja," in ji gogan, yana gyaɗa kai. "Ai dama na sani."

Ya dawo yana tafiyar manya, ya ce wa malam ya juyo da bayan motarsa.

"Maƙwabci, ba gaba da gaba ake yi ba?"

"Malam, kai alli ka sani. Ka bar wa masu abu abinsu."

Ya ɗaure wayar a bayan motar malam, ya ƙulle ɗaya ɓarin a bamba, wato kariyar gaban tasa motar, har da ƙulli biyu don tsaro. Ya ɗaga hannu kamar mai ba jirgi hanya. "Malam, ja!"

Malam ya ja. Waya ta miƙe. Aka ji ɓaraf! Bamba ta bi malam tana ƙara a ƙasa har bakin ƙofa. Ita kuwa mota ko motsi, don birkin hannunta a ɗage yake.

"Me ya faɗi?" in ji tsoho daga ciki.

"Ba komai Baba, wani abu ne da dama ba a amfani da shi."

"Madalla. Ta rage nauyi ke nan."

Karo na uku da ya zagaya bayan gida, bakanike har da ihu. "Jan launi nake nufi! Ja a kan ja! Baƙin na ƙarshe kuma ka maƙala shi a jikin ƙarfe, nesa da batir!"

Wannan karon an juyo da motoci gaba da gaba. Gogan ya ɗauki baƙin, ya duba hagu ya duba dama, ya je ya maƙala shi a ƙarfen igiyar shanya. Ƙarfe ne, kuma nesa da batir, wa zai ce bai bi umarni ba? Ya kwashi sauran bakunan a hannu ɗaya yana shirin haɗa su ya ga ko akwai wuta.

Nan matar ta fito da gudu ta fizge. "Kashe mu za ka yi? Takwas da rabi ta kusa! Baba, faɗa min, ni zan yi."

Tsoho ya sauke gilashin mota, ya gyara murya.

"Malam ya kashe motarsa tukuna. Motocin ba su taɓa juna ba ko? To, uwata, duba kan mataccen batirin, za ki ga alamar tarawa. Maƙala ja a nan. Ɗaya jan ki kai shi kan alamar tarawa ta batirin malam. Baƙi kuma kan alamar ɗebewa ta malam. Baƙin da ya rage ki nemi ƙarfen inji marar fenti a motarku, can gefe. Kada ki bari bakunan su gogi juna."

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji gogan.

"Na sani, yaro. Shi ya sa aka karɓe."

Malam ya tada tasa, aka ba ta minti biyar. Matar ta zura hannu ta murɗa makulli, mota ta ce vuuum! Ta cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta fara da wanda ta sa a ƙarshe. Tsoho ya ce, "Yauwa. Yanzu kada a kashe ta sai ta yi tafiyar rabin awa, batir ya sha wuta."

Malam ya naɗe wayarsa, ya faɗa mota ko sallama bai tsaya yi ba. Gogan ya shiga mazauninsa, ya gyara madubi, ya kasa kunne yana sauraron inji kamar likita. Sai ya sa hannu ya kashe.

Matar ta juyo da sauri.

"Baban yara, me ka yi?"

"Gwadawa zan yi in ga ko ta gyaru da gaske. Aikin gaggawa ai sai an duba."

Ya murɗa. Ƙyat-ƙyat-ƙyat.

Matar ta kwasa da gudu ba takalmi, ta tare malam a bakin layi. Tsoho ya lalubi ƙofa ya fito da kansa, ya ce, "Malam, don girman Allah kai ni asibiti. In na zauna a nan, kunnen ma zan rasa."

Ana sa shi a motar malam, gogan ya biyo su yana haki. "Malam, bar min wayar! Yanzu na gane kanta sarai."

Matar ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Wallahi kai ya kamata a maƙala wa ita, ja a kunnen dama, baƙi a na hagu, ko Allah zai sa kanka ya tashi."

Tsoho ya leƙo ta taga. "Kada ki wahalar da wayar mutane, uwata. Wanda batirinsa ya mutu ake jonawa. Wannan tun daga kamfani ba a sa masa ba."