Roƙon Mai Ɗaukar Gadon Masu Rauni

Zuwa ga masu girma Shugabannin Kwamitin Dokokin Zari-ruga, Allah ya ƙara wa ofishinku sanyi.

Bayan gaisuwa da ladabi, shekara ashirin da shida ke nan ni da Si Lakhdar muke ɗaukar gadon masu rauni a filinmu na Oujda. Ban karanta doka ba, amma ƙuguna ya san nauyin 'yan wasanku ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: sanda na fara aiki, mai kilo casa'in shi ne ƙato. Yau irinsa tambayarsa ake yi ko lafiya. Gadon kuwa shi ne na tun farko. A watan jiya a kan ƙyauren ɗakin canza kaya muka fitar da wani, mu shida.

Na biyu: kun yarda a canza mutum takwas. Madalla da wannan tausayi. Sai a jibge ƙattai a inuwa, sun cika ciki da kuskus, a jira kowa ya galabaita, sannan a sako su a minti na sittin. Ranku ya daɗe, wannan canji ne ko farauta?

Na uku: mai lamba tara a ƙungiyarmu, Zouhair, kilonsa sittin da takwas har da takalmi. Ba a canza shi, don an ba wani ƙato kujerar mai canjinsa. Ɗana ne. Sau biyu bana na ɗauke shi bayan ya bugu a ka, bai san sunan garinmu ba, kuma likita ya ce kansa ba zai jure na uku ba. Uwarsa Yamna ta ce mini, "Kai dai ɗauka ka iya, Miloud. Hanawa fa?" Na hana, bai hanu ba.

Ga 'yar shawarata: duk ɗan canji, kafin ya shiga, ya goya wanda zai maye gurbinsa ya zagaya fili sau uku. Kowa ya shiga a gajiye, a yi adalci.

Na ji kun kafa ƙaramin kwamiti, zai kawo rahoto nan da shekara biyu. Allah ya taimaka. Mu dai ranar Asabar muke da wasa, kuma tsoro nake ji. In dokar ba za ta motsa kafin nan ba, ina roƙon alfarma ɗaya: a rubuto wa ƙungiyarmu a mayar da ni riƙon gaban gado, Si Lakhdar ya koma baya. Mai riƙe baya shi ke kallon fuskar wanda aka ɗauko.

Naku mai biyayya, a rusune, da ma ƙugun ba ya miƙewa,

Miloud Benyounes