Butar da Ta Ƙi Ba da Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a Sharaɗa ba, ko da tsufa ya sa na manta sunana. Lokacin ina aji biyar a sakandare, Umma ta gaji da surutuna, ta ce in riƙa bin Yaya Hadiza wurin aiki ko gidan ya sarara. Yaya tana zane da kwamfuta a wani kamfani da ke sassaƙa ƙarfen zubi, irin wanda ake ɗura wa narkakkiyar roba ta fito bokiti ko kofi. Wata uku na gwaji aka ba ta, saura mako biyu, kuma aikin da za a auna ta da shi shi ne sabuwar butar wani Alhaji mai masana'anta a Challawa.

Ba a wurinmu aka zana butar ba (ku ji ni fa, "wurinmu", kwanana huɗu da zuwa). Da wata manhaja daban aka yi ta aka turo, sai ta iso fata zalla: ga fatar waje, ga ta ciki, amma ba su haɗu sun zama jiki ɗaya ba. Duk sanda Yaya ta nemi fitar da fayil ɗin zuwa inji, sai kwamfutar ta ƙi, ta zano jan layi.

"Kamar rigar da ɗinkinta ya ɓalle a hanya ce," in ji Yaya. "Sai na gano wurin na haɗe kafin ya fita. Manaja na kirana. Auta, kada ki taɓa min komai."

To ni a makarantarmu har malamai ni ke gyara musu waya. Tana fita na haye kujerarta mai juyawa, na yi juyi biyu don ƙwaƙwalwa ta buɗe, na leƙa. Ga jan nan ya zagaye ƙarshen hancin butar. Na lalubo wani maɓalli mai cike gurbi, na danna. Ja ya ɓace! Na danna na fitarwa, fayil ya fita sumul, ko tari bai yi ba.

Da Yaya ta dawo na ce mata, "Sake dannawa kawai na yi, ya fita." Ta yi hamdala, ta juya butar a allo ta ga lafiya lau, ta tura wa injin da ke gina samfur da roba. Ƙaryata ta farko ke nan. Amma ciki ba ya riƙe abin alfahari, sai na zagaya wurin Malam Sale, dattijon da ke kan injin sassaƙa ƙarfe, na raɗa masa cewa abin da ya gagari mai digiri ni na warware shi a minti ɗaya. (Raɗar tawa har mai gadi ya ji.) Kafin a tashi, kowa Injiniya yake kirana, ni kuma ina amsawa da ɗaga gira.

Washegari wajen azahar Alhaji ya iso cikin farar babbar riga. Malam Sale ya riga ya ɗaure ƙarfe a inji, cewar Alhaji "ya yi" kawai ake jira a fara yanka. Ni na karɓe samfurin daga hannun Yaya, na kai masa da hannu biyu har da rusunawa.

"Masha Allah, ta yi kyau," ya ce. "Amma buta ba a ido ake gwada ta ba. 'Yata, ciko min, in yi alwala."

Na ciko ta a famfo. Ya tsugunna a tsakar kamfani, ma'aikata sun yi masa da'ira, ya yi bismilla, ya karkata buta. Shiru. Ya ƙara karkatawa. Ko ɗigo. Ya girgiza ta, ya leƙa hancin da ido ɗaya, ya sake tuntsura ta da ƙarfi, sai ruwan ya kwararo ta sama gaba ɗaya, ya wanke masa gaban riga har cikin takalmi.

Ashe abin da ya ɓata a zanen wani siririn zobe ne da ke haɗa fatar waje da ta ciki a bakin hancin. Ni kuwa na bi na liƙe ƙofar ɗungurungum.

Alhaji ya miƙe yana ɗiga. "Wa ya yi zanen nan?"

Yaya ta buɗe baki za ta amsa, manaja kuma ya kafe ta da wani kallo irin na sallama. Sauran ma'aikata kuwa duk ni suka juyo suna kallo. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ce siminti ce, ba ruwanta.

"Ranka ya daɗe, ni ce," na ce da murya kamar ta sauro. "Ta ce kada in taɓa, na taɓa, kuma na yi mata ƙarya."

Sai Malam Sale ya ce, "Alhaji, ku gode Allah. Da na yanka ƙarfen nan, da Injiniya ta hana rabin Kano alwala."

Alhaji ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce Yaya ta gyara a gabansa ya gani. Ta zauna, ta cire liƙin da na yi, ta zana zoben, ta ɗinke fatun biyu, sannan ta tsaga butar gida biyu a allo ta nuna masa hanyar ruwa tun daga ciki har waje. Fayil ya fita.

"Wannan ta san aikinta," Alhaji ya ce wa manaja. "Waccan kuma a saya mata gyaɗa, a nisanta ta da kwamfuta."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. A keke napep kan hanyar gida, muna isa Kumbotso Yaya ta murɗe min kunne, ta ce daga yau ita ma sai ta tsaga kowane zane ta duba cikinsa, ko da uwarta ce ta ce ya fita. An tabbatar mata da aikinta, ni kuma sunan Injiniya ya bi ni har makaranta.

Na dai koyi cewa shirun kwamfuta ba shaidar lafiya ba ce, wani lokacin bakinta kawai ka toshe. Butar tana nan a gidanmu. Idan baƙo mai yawan iyayi ya zo, ita nake cika masa.