Tantabarun da Suka Yi Fareti da Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a filin firamaren unguwarmu, a Hayin Banki, ina roƙon tantabara ta tashi don girman Allah.

Ni tela ne, amma tun ina saurayi nake kiwon tantabara, har sunan ya bi ni. Maƙwabcina kuwa Baba Saje ne, tsohon soja, mai ɗingishi da ƙafar hagu. Wata shekara, dattawan unguwa suka ce tunda tsufa ya hana 'yan mazan jiyanmu zuwa babban taron tunawa da sojoji na cikin gari, a yi musu nasu faretin a gida. Baba Saje ya same ni a shago.

"Mai Tantabara, fararen tantabaru nake so a saki, kamar yadda manya ke yi. Akwai abokina Ɗanladi, tare muka tafi yaƙi, ni kaɗai na dawo. Zan ƙame in sara masa har sai sun ɓace mini da gani."

Na ce, "Baba, an gama." (Bakina ya fi aljihuna kyauta, tun asali.)

Matsalar ita ce fararen da nake da su sababbi ne, ban daɗe da sayo su a Babbar Kasuwa ba. Duk mai kiwo ya sani, sabuwar tantabara in ka sake ta, gidan tsohon ubangidanta za ta koma. Shi ya sa ake fige mata gashin fiffike har ta saba. Sai na yi wa kaina lissafi: in na cire kaɗan kawai, za su tashi, su ɗan zaga, su sauka bayan makaranta, in je in kwashe abina. Baba Saje ya samu nasa, ni ma ban rasa nawa ba.

Maiɗakina ta tarar da ni ina aikin. Ta ce, "Malam, kyauta ce ko aro?" Na ce mata harkar maza ce.

Ranar taro fili ya cika. 'Yan makaranta na kaɗa ganga, tsofaffin sojoji sun jeru cikin kakin da ya yi musu yawa, lambobin yabo na rawa a ƙirji. Suka yi maci iya ƙarfinsu, mata na guɗa. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Aka busa begila, wuri ya yi tsit. Baba Saje ya fito gaba, ya jingine sandarsa, ya ƙame, hannu a goshi. Mai sanarwa ya ce, "Yanzu za a saki tantabaru."

Na buɗe keji.

Ta farko ta leƙo, ta dubi jama'a, ta sauko ƙasa a hankali kamar hajiya na sauka daga Keke Napep. Sauran suka biyo ta. Suka fara tsattsagar ƙasa.

Na tafa hannu. Na ce "shit!" kamar mai korar kaji. Na ɗauki ɗaya na cilla sama, ta faɗo a kan teburin manyan baƙi, kusa da ruwan mai unguwa. Ashe hannuna ya yi nauyi wajen figar (tela ne ni, in na fara rage abu ba na sanin wurin tsayawa). Daga cikin taro wani ya ce, "Kai, kaji ya kawo mana!" Wani mai kiwo ɗan'uwana ya ɗaga murya, "Fige su ya yi! Wallahi fige su ya yi!" Allah ya saka masa.

Na waiwaya. Baba Saje na nan a ƙame kan ƙafarsa mai ɗingishi, zufa na bin wuyansa. Dama ya ce sai sun ɓace, kuma soja ba ya magana biyu. Na matsa kusa na ce, "Baba, ka sauke hannun, laifina ne."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ƙyale su. Sojojin ƙasa ne. Ɗanladi ma da ƙafa ya tafi."

Haka na cire hulata, na duƙa, na riƙa kora su a hankali, tun daga tsakiyar fili har ƙofar makaranta, mai ganga kuma ya ga dama ya riƙa kaɗa mana taken maci. Sai da ta ƙarshe ta sha kwanar katanga sannan tsohon ya sauke hannu. Mutum biyu ne suka riƙe shi zuwa kujera.

Na yi alkawarin gyarawa a shekara mai zuwa, da tantabaru masu cikakken fiffike. Kafin ta zagayo, Baba Saje ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa. Tantabarun kuwa, da gashinsu ya tsiro, suka tashi suka koma wa tsohon ubangidansu, ko sallama babu.

Tun daga ranar, in zan ba da abu, ina ba da shi da fikafikansa.